Hannu a aljihu: yadda nake koyar da kanikawa da ma'aikatan dilolin mota

In na ce wa mutum sana'ata koyar da kanikawa ce sai ya ɗauka gareji gare ni da yara suna wanke noti a cikin kwano. A'a ba haka bane. Ɗan ƙaramin kamfani ne, mu huɗu ne kacal, ni da malamai biyu da wata mai kula da takardu da tsara ranaku, kuma waɗanda muke koyarwa yawancinsu sun riga sun iya aiki, wasu ma sun girme ni. Kamfanonin dillancin mota da manyan gareji da masu tarin motocin aiki su ke turo mana mutanensu, ko mu mu bi su har wajen aikinsu da kayanmu a bayan mota, mu yi kwana biyu ko uku ko sati ɗaya, mu tattara mu yi gaba.

Na fi shekara goma ina kwance ƙarƙashin mota kafin na shigo wannan layin, kuma ranar da na fara tsayawa gaban aji ji nake ba wanda ya kai ni, ai ni ne wanda ake kira in mota ta gagara. Kwana ɗaya ya ishe ni na gane iya gyara daban iya koyarwa daban. Wani yaro na fama da multimita, wato mitar auna wutar lantarki, yana neman inda wuta ke zurarewa, ya sa wayar a ramin da ba shi ba, na duba agogo, na ji raina na tafasa, kawai sai na fizge mitar daga hannunsa na gano matsalar cikin minti biyu na juyo ina jiran a yaba min. Suka yi tsit. Da yamma na sake dasa irin wannan matsalar a wata motar na ce su nemo, ko mutum ɗaya bai iya ba, har shi yaron da na yi abin a gaban idonsa. Tun daga ranar na sa wa kaina doka, in ɗalibi na aiki hannuna na cikin aljihu, baki kawai zan sa, shi ma bakin tambaya ce ba amsa ba. Wallahi har yau wannan dokar ita ta fi min wuya a duk sana'ar, don hannun bakanike ƙaiƙayi yake in ya ga ana ɓata lokaci.

Dalilin da ya sa aikin nan yake da kasuwa shine mota ta canza ta bar masu gyaranta a baya. Da can kafireta ce da fulogi da kunne mai kyau, ka saurari injin ka san ciwonsa. Daga 1996 Amurka ta wajabta tsarin OBD-II a kan motocin da ake sayarwa a can, Turai ta biyo baya da nata a 2001 ga masu fetur, 2004 ga masu dizal, shi ne wannan soket mai ramuka 16 da ke ƙasan sitiyari inda ake jona na'urar duba mota. To tun da na'urar nan ta yi arha ta shiga hannun kowa sai wata sabuwar cuta ta ɓullo, mutum ya jona, ta nuna masa lamba, ya je ya sayo abin da ya ga an ambaci sunansa ya ɗaura. Wannan cutar nake yaƙi da ita kusan kullum.

Ga yadda nake yi. Muna da tsohuwar mota ta koyarwa da muke lalatawa da gangan. Da sassafe kafin su iso nakan ɗan tsaga robar da ke kai iska cikin injin, bayan sensar da ke auna iskar, daga ƙasa inda ido ba ya gani. A tada mota, fitilar injin ta kama, na'ura ta ba da P0171, wato iska ta yi wa mai yawa a haɗin. Injin fetur dai yana son kusan kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai ne in an auna da nauyi, da an kauce kwamfutar motar sai ta fara ƙara mai tana cikewa har ta gaji ta kunna fitila. Nan take za ka ji wani ya ce oga sensar salansa ce, a canza ta. Sai na ce to me ta yi maka? Ya ce ita ta kawo ƙara. Na ce wanda ya zo ya gaya maka gobara ta tashi shi za ka kama? A yi dariya, sannan na sa su buɗe shafin da ke nuna yawan man da kwamfuta ke ƙarawa, su kalle shi mota na tsaye a silo, sannan su taka totur su riƙe. In lambar ta yi sama a silo amma ta sauko da aka ba ta wuta, to iska ce ke sata ta wani waje, in kuma sai an taka ne take hawa to a koma wajen famfon mai da filta. Ba na faɗa musu wannan, su nake bari su gani da idonsu su yi gardama a tsakaninsu, wani lokaci awa guda cur, ni ina tsaye hannu a aljihu ina cizon leɓe. Amma wanda ya laluɓo tsagar nan da yatsansa, ya ji iska na tsotsar fatarsa, ba ya sake sayen sensa a banza.

Haka nake yi da wayarin. Motar yanzu kwamfutoci ne barkatai suna magana da juna ta wayoyi biyu da aka murɗe, tsarin CAN da kamfanin Bosch ya fito da shi a 1986. Kanikawa da yawa da sun ji an ce sadarwa ta yanke sai gabansu ya faɗi su ce ƙwaƙwalwar mota ta ƙone. Alhali gwajin farko na minti ɗaya ne, cire kan batir, sa mita tsakanin rami na 6 da na 14 a soket ɗin nan, in ka ga om 60 layin lafiya lau, don akwai rezisto, wato 'yan abubuwan da ke rage gudun wuta, guda biyu masu om 120 kowanne a ƙarshensa, in ka ga 120 to gefe ɗaya ya yanke. Na sha ganin dattijo mai furfura ya yi wannan gwajin karo na farko ya ɗago ya kalle ni kamar na ɓoye masa wani abu shekara ashirin.

Inda ba na wasa kwata-kwata shine motocin haibirid, wato masu haɗa mai da lantarki, da na lantarki zalla. Tun da Toyota ta fito da Prius a Japan a 1997 wutar da ke cikin mota ta tashi daga bolt 12 da kowa ya saba taɓawa da hannu zuwa 200 da wani abu, na lantarki zalla kuma 400 har 800. Duk wayar da ka ga ruwan lemo ce to kashedi ne. A nan dokar aljihu ba ta aiki, in na ga hannu ya nufi inda bai kamata ba tsawa nake yi. Safar hannu ta roba mai jure bolt 1000, a naɗe ta daga baki a matse iska a ciki a saurara ko tana huci kafin a sa, a cire zobe da agogo, a kashe mota a ajiye makulli nesa, a zare fulogin da ke raba batirin, a jira mintunan da kamfanin motar ya rubuta don wutar da ta taru ta sauka, sannan a gwada mitar a kan abin da aka san yana da wuta, a auna motar a ga sifili, a sake gwada mitar. Wanda ya tsallake ɗaya ba na sa masa hannu a takarda ko da ogansa zai yi fushi, kuma an yi fushin.

Sai ɓangaren da mutane ba sa tunawa da shi, ma'aikatan gaba. Mai karɓar mota a kanta, mai sito, mai sayarwa, mai cike takardun garanti. Rabin rigimar da ke tsakanin kwastoma da gareji daga kantar nan take farawa. Mutum ya zo ya yi bayani na minti biyar, mai karɓa ya rubuta "mota na ƙara" ya miƙa wa bakanike, ina zai fara? Ƙara daga ina, gaba ko baya, da sanyin safiya ko in ta yi zafi, a kwana ko in an taka birki, tun yaushe? Nakan zaunar da su biyu-biyu, ɗaya ya zama kwastoma mai fushi ɗaya ya karɓa, sannan na kai takardar wa bakanike na gaske na tambaye shi ko zai iya fara aiki da ita. Abu uku nake so na gani a kowace takarda in an gama, ƙorafin mai mota da bakinsa, abin da aka gano ya jawo, da abin da aka yi. Masu sayarwa kuma su san abin da suke sayarwa, kar a ce wa mutum motar nan tana tuƙa kanta alhali taimakon riƙe layi ne kawai, kuma su san in an canza gilashin gaba na motar da ke da kyamara a jikinsa sai an sake saita kyamarar.

Masu tambayata ta ina ake shiga, ƙofofin uku ne dai. Ko cibiyar horaswa ta kamfanin da ke ƙera motar, a nan za ka ga sabon abu tun kafin ya fito kasuwa amma iri ɗaya za ka sani kuma yawo ba ƙarewa. Ko kwalejin fasaha, albashi na tafiya daidai amma kayan aiki sukan tsufa. Ko irin namu mai zaman kansa. Duk inda ka bi sai ka yi shekaru da sifana a hannu tukuna, don aji na kanikawa cikin minti goma suke gane wanda bai taɓa ƙona yatsa a salansa ba, kuma da sun gane ka gama yawo. Takarda ma na da amfaninta. A Amurka akwai jarrabawar ASE ta shaidar ƙwarewar kanikawa tun 1972, kuma duk shekara biyar sai ka sake zama. A Ingila akwai IMI, cibiyar da ke ba ma'aikatan harkar mota takardar shaida. Tsarin Jamus ne ya fi burge ni, yaro ya yi shekara uku da rabi yana raba lokaci tsakanin gareji da makaranta, kuma wanda ke son zama babban gwani, cikin kashi huɗu na jarrabawarsa kashi guda sukutum a kan yadda ake koyar da ɗan koyo ne.

Ni in zan ɗauki malami ba na fara duba takardunsa. Rile nake ba shi, ɗan ƙaramin makunnin wuta nan mai ƙafa huɗu, na kira mai kula da takardunmu wadda ba ruwanta da injin, na ce ya fahimtar da ita yadda yake aiki cikin minti goma har ta iya gwada shi da kanta. Gwanaye da yawa a nan suke zubewa, su cika ta da manyan kalmomi ko su karɓe abin su yi da kansu, sak irin abin da na yi ranar farko.

Wahalar kasuwancin kuma ba a magana. Na'urorin dubawa duk shekara sai an biya an sabunta, bayanan gyara na kamfanoni haya ake yi ba saye ba, motar koyarwa tana tsufa kamar kowace mota. Ga manajoji. Akwai wani kamfanin dillanci da muka yi wata biyu muna tsara horon kwana uku da su, ana gobe za a fara aka bugo min wai aiki ya yi yawa, ko zan iya matse shi ya koma rabin yini kuma a ba kowa satifiket? Na ce rabin yini zan iya, satifiket ne ba zan iya ba. Aikin ya tafi, har yau ba su sake kira ba. Na san ciwon manajan, bakanike ɗaya ya bar wajensa kwana uku motoci ne za su taru, shi ya sa yanzu tun kafin mu fara nake roƙon su ba ni lissafin motocin da suka dawo da matsalar da aka ce an gyara, bayan wata uku mu sake ƙirgawa, in bai ragu ba su san ba su da dalilin sake kirana.

Sati mai zuwa muna da aji na kwandishan ɗin mota, mutum takwas, kan bambancin gas ɗin R134a da sabon R1234yf da ba a haɗa su kuma bakin cajinsu ma ba iri ɗaya bane. Na riga na sassauta wata waya a bayan fankar motar koyarwa, zan ga wa zai fara cewa a ƙara gas.