Kafin a ɗora sola, a fara buɗe tagogin da aka toshe

Tun da hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta a rana, a watan Afrilun 2024, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a kan kowane yunit, duk shugaban makarantar da ka zauna da shi maganarsa ɗaya ce: sola. An ɗan rage kuɗin daga baya, amma ragin bai taka kara ya karya ba. Ban ga laifinsu ba. Jami'ar Bayero ta Kano ta samu tashar sola mai megawat 7.1 a 2019 ta hannun hukumar kai wuta karkara, REA, kowa kuma yana son a ce shi ma ya samu. Ni da aikin wuta nake ci, in an ba da kwangilar sola ni ke da riba. Duk da haka, aikin da muke yi yanzu a wani tsohon ginin azuzuwa na wata jami'a a nan Jos ya ƙara ƙarfafa ni a kan abin da na daɗe ina faɗa: jikin ginin ake fara gyarawa. Ɗora sola a kan ginin da ke shan wuta ba gaira ba dalili zuba ruwa ne a tulu mai yoyo.

Ginin irin na shekarun 1970 ne, zamanin kuɗin man fetur, lokacin da aka kafa jami'o'i irin su Jos da Maiduguri da Sakkwato a 1975. Wanda ya zana shi ya san rana, ya san iska. Dogo ne, ya miƙe daga gabas zuwa yamma, tagoginsa na kallon kudu da arewa, don haka hantsi da ranar la'asar kan gajerun bangayen da ba su da taga suke sauka. Da baranda mai faɗi, da silin mai tsayi, da tagogin luba, masu jerin falle-fallen gilashi, ta ɓangarori biyu, sannan can sama kusa da rufi an jera bulo mai huji-huji don zafi ya samu mafita. Salon da Turawan Ingila masu zanen gini, Maxwell Fry da Jane Drew, suka yi gine-ginen Jami'ar Ibadan da shi ke nan a shekarun 1950, ya bazu ko'ina. A gari irin Jos, da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, gini irin wannan ko fanka bai cika buƙata ba.

Amma da muka shiga, na'urorin sanyaya ɗaki muka tarar a maƙale a bango, wasu na aiki, wasu sun mutu tun tuni an bar gawarsu.

Abin da ya faru a bayyane yake. Shekara da shekaru, duk wanda ya zo sai ya yi nasa “gyaran”. An cire luba an sa tagar alminiyon mai turawa gefe, wadda kome ƙoƙarinka rabinta kaɗai ke buɗuwa, gilashin kuma mai duhu. An yanka manyan ɗakuna da falanki an fitar da ofisoshi, iskar da ke shiga ta kudu ta rasa hanyar fita ta arewa. An sauko da silin, an sa na roba don ya yi ƙyalli. Ɗaki ya yi duhu, aka kunna fitila da rana tsaka. Ya yi zafi, aka sayo esi.

Akwai wani dattijon kafinta a cikinmu, Baba muke ce masa, shi ya ja ni muka leƙa cikin silin da misalin ƙarfe ɗaya na rana. Kai kawai na sa na ji hucin kwano ya dake ni a fuska. Ya haska tocila jikin bango ya ce, “Yaro, duba nan.” Bulon nan mai huji duk an cika shi da siminti, layi guda tun daga wannan kai har wancan, wai don hana tantabaru da jemagu. Na ce, “Baba, ai ragar waya ta isa ta hana su.” Ya ce, “To, ka gaya wa wanda ya toshe.” A wurin kuma na ga tsofaffin wayoyi, robarsu ta bushe tana ɓarewa a hannu, an yi musu haɗi da salatif. Wannan ba maganar tsimin wuta ba ce kuma, maganar gobara ce, Allah ya kiyaye. Can sama da silin na roba, tsohon silin na asbestos na nan. Shi ba a fasa shi da guduma, ƙurarsa na lalata huhu har ta kai ga ciwon daji. Jiƙa shi ake yi, a sa abin rufe hanci na gaske, a sauke shi ɗaya-ɗaya. Sai da muka yi ta fama da leburori kafin su yarda.

Bari in yi muku lissafin da na yi wa injiniyan da ke kula da aikin. Babban ɗakin lacca yana da dogayen ƙwayaye 40, kowane wat 36, jimla 1,440. In an mayar da su LED mai wat 18, an koma 720. Madalla. Amma esi guda mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana jan sama da wat 1,000. Wato esi ɗaya ya haɗiye duk abin da ka tsimanta da canza ƙwayaye 40, har da ƙari. Na ce masa, “Ranka ya daɗe, ƙwan za mu canza, amma kuɗin yana can inda za mu sa mutane su daina neman esi.” Ko dokar tsimin makamashi a gine-gine da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017 abubuwan da ta kama ke nan: girman taga da inuwarta, abin tare zafi a rufi, fitilu, da irin esin da za a sa. Mutum nawa ne a cikin masu ba da kwangila suka taɓa buɗe ta, wannan wata magana ce.

Masu ƙin luba suna da hujja, ba zan ɓoye ba. Jos ce fa. Disamba da Janairu, in hunturu ya kankama, tsohuwar luba mai karyayyen hannu ba ta rufuwa, sanyi da ƙura su yi ta kwarara, ɗalibi na rubutu hannu na rawa. Lokacin ne hita ke fitowa daga ƙarƙashin tebura, wata har wat 2,000 take ja. Shi ya sa ban goyi bayan a dawo da luba a ko'ina ba. A azuzuwa, taga mai buɗewa waje gaba ɗaya muka zaɓa, mai roba a baki, a wangale ta a watan Maris, a datse ta a muku-muku. Bulon sama an fasa simintin, an sa raga da murfin katako mai buɗewa. Ƙarƙashin kwano kuma ana shimfiɗa abin tare zafi, wanda aikinsa biyu ne, ya hana zafin rana saukowa, ya hana ɗumin ɗaki tserewa da sanyi.

Wani ya ce da rushewa aka yi aka gina sabo da an huta. Ginshiƙan nan lafiyarsu ƙalau, an gwada. Kuɗin siminti da rodi a yau kowa ya sani, ga shi kuma masana'antar siminti ita kaɗai ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon mai ɗumama yanayi da duniya ke fitarwa. Bangon da ke tsaye an riga an biya wannan bashin a kansa.

Sai yanzu za a zo kan sola, kuma wadda ake buƙata ta ragu ƙwarai a kan wadda aka fara ƙiyastawa. Azuzuwa da rana ake amfani da su, don haka ba sai an tara batura ba, su ne kuwa ke cinye kuɗin. Sanyin Jos alheri ne ga faifan sola, domin zafi rage masa ƙarfi yake yi. Matsalarmu biyu ce: hadarin Yuli da Agusta da ke rufe rana wuni guda, da ƙurar hunturu da ke kwanciya a kan gilashin. Ta farkon sai dai a yi lissafi da ita tun wajen saye. Ta biyun ruwa take so da mai wankewa, shi ya sa na matsa a gyara indararo a ajiye tankuna, ruwan damina da ke zuba a banza daga wannan dogon rufi ya yi wankin faifai, ya yi na ban-ɗaki.

Abu ɗaya da har yanzu muke ja-in-ja a kansa shi ne mita. Ina so ginin ya samu tasa ta kansa, a karanta ta duk ƙarshen wata, a manna adadin a allon sanarwa inda shugaban sashe da ɗalibai za su gani. Injiniya ya yarda, amma ba ta cikin takardar kwangila, sai an rubuta an nemi ƙari. Na riga na bar mata gurbi a akwatin rarraba wuta, na kuma ja wayarta.