Windows da Linux a kwamfuta ɗaya: yadda muke gyara tashinta ba tare da goge komai ba

Yawancin kwamfutocin da ake kawo mana masu babbar manhaja biyu lafiyarsu ƙalau. Mai ita zai shigo hankali a tashe, ya ce jiya Ubuntu, wato wani nau'in Linux, na nan, yau ya kunna Windows kaɗai ke fitowa, ko kuma baƙin allo da rubutun grub rescue. Nakan ce masa ya zauna tukuna, fayilolinsa suna nan inda ya bar su. Abin da ya rikice shi ne ɗan shirin da ke nuna wa kwamfuta inda za ta nufa idan an kunna ta.

A shagonmu ba ma fara wannan aiki da danne-danne. Maigidan da na koyi sana'a a hannunsa, Allah Ya saka masa da alheri, ba ya barin yaro ya taɓa komai sai ya tayar da kwamfutar ta filash, ya zana rabe-raben faifan ajiya a takarda. Zai ɗora yatsa a kan ɗan ƙaramin yankin nan na EFI, wanda Windows ke yankawa a tsarin FAT32, ya ce, "Wannan na waye?" Idan ka yi shiru, ka koma ka sake dubawa. Haka nake yi wa yarana har yau, domin a wannan yanki ne manhajojin biyu ke ajiye fayilolin tashinsu, kuma wanda bai san shi ba shi ne ke share shi.

Zanen kan nuna ciwon. Wani an sa masa Windows a tsarin UEFI, wato sabon tsarin tayar da kwamfuta, Linux kuma a tsohon tsarin BIOS, saboda haka GRUB, wato jerin zaɓin da Linux ke nunawa a farko, ba zai iya tayar da Windows ba. Wani jerin tashi ne kawai ya juya bayan sabuntawa, Windows Boot Manager, shirin da ke tayar da Windows, ya hau sama, sai mu mayar da shi da umarnin efibootmgr na Linux ko ta cikin saitin UEFI. Akwai kuma wanda ya fi ruɗa mutane: tun daga GRUB 2.06 na shekarar 2021, binciken sauran manhajoji, os-prober, a kashe yake zuwa idan masu rarraba manhajar ba su kunna shi ba. Layi ɗaya ne a fayil ɗin /etc/default/grub, ka gyara, ka buga update-grub, sai ga Windows ya dawo cikin jerin. A wannan fayil ɗin nake saita GRUB_DEFAULT da GRUB_TIMEOUT, amma sai na tambayi kwastoma wacce ya fi aiki da ita kullum, da daƙiƙa nawa yake so kwamfutar ta jira shi.

Abin da ke ci min rai shi ne masu gyaran sha-yanzu-magani-yanzu. Ba su san komai ba sai formatin. A kai musu kwamfutar da ke buƙatar gyaran layi ɗaya, su goge aikin ɗalibi na shekara guda, su ce ai faifan ne ya lalace. Wasu kuma da sun shiga saiti sai su kashe Secure Boot, wato tsaron da ke hana shirin da ba a amince da shi ba tashi, alhali Ubuntu na tashi da shi a kunne. Idan faifan na kulle da BitLocker, makullin faifai na Windows, wannan taɓawar kaɗai ta isa Windows ya nemi lambobin ceto guda 48, kuma mai kwamfutar bai taɓa sanin da su ba. Mu sai mun ga lambobin nan a hannunka, ko mun dakatar da kullen, kafin mu canja komai. Bayan duk wannan wani zai ce, "Oga, ai ban ga ka daɗe ba, rage min mana." Nakan amsa masa da ladabi cewa sanin layin da za a taɓa, da wanda za a ƙyale, shi yake biya.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da ba ma sallamar kwamfuta sai mun gama da su. Fast Startup, wanda ya zo da Windows 8 a 2012, ba ya kashe kwamfuta gaba ɗaya, yana barin yankin Windows a riƙe, sai Linux ya ƙi rubutu a cikinsa. Muna kashe shi. Sai agogo: Windows na ɗaukar agogon cikin na'ura a matsayin lokacin gari, Linux kuma a matsayin UTC, wato lokacin bai-ɗaya na duniya, shi ya sa awa ke tsalle duk lokacin da ka sauya. Da umarnin timedatectl na Linux muke daidaita su.

Idan kwamfutarka ta fara irin wannan, kada ka yarda a ce maka sai formatin. Kawo ta tare da cajarta, ka kuma tabbatar kana iya shiga asusunka na Microsoft, domin sau da yawa a can lambobin ceton suke. Kafin ka tafi, a gabanka za mu tayar da kowace manhaja, ka buɗe fayilolinka ka gani da idonka.