Ranar da kwamfutar gidanmu ta fara zane

Asabar, bayan isha'i.

Yau dai aikin da nake ta ɗagawa tun farkon zangon karatu ya tabbata, wato girka wa kwamfutar gidanmu Stable Diffusion, manhajar da ke zana hoto daga bayanin da ka rubuta mata. Ƙanena ya iso Zariya daga Kano jiya da la'asar, ɗauke da katin hoton da na aike shi ya nemo mini a titin Beirut: RTX 3060 na kamfanin Nvidia, ɓangaren kwamfuta da ke sarrafa hoto, na hannu, mai ma'ajiyar gigabait 12. Ya ce ya ga waɗanda suka fi shi gudu, amma gigabait 8 gare su, kuma a wannan harka girman ma'ajiyar kati ya fi saurinsa amfani, don a cikinta ake loda duk abin da manhajar ta koya kafin ta fitar da ko ɗigo ɗaya. Bayan karin kumallo muka kwance murfin kwamfutar, ya kakkaɓe ƙura, ya danna katin a gurbinsa, ya jona masa wayar wutarsa ta daban. Katin shi kaɗai yana jan wat 170 in aiki ya yi zafi, saboda haka muka ƙi ɗora shi a kan inbata, muka jira har aka kawo wuta da hantsi.

Abin da ya kai ni ga duk wannan shi ne ɗan littafin koyon karatu da nake haɗa wa 'yan aji biyu. Labaran na gama rubuta su, jimla uku ko huɗu a kowane shafi. To amma yaro ɗan shekara bakwai hoto yake fara karantawa kafin harafi, kuma hotunan da nake samu a intanet na 'ya'yan wasu ne a gidajen wasu. Ni so nake yaro ya buɗe shafi ya ga zaure irin na gidansu, ya ga tsoho da babbar riga irin ta kakansa, ya ga yarinya da ƙwaryar fura a ka. Akwai masu yin wannan zane na ƙirƙirarriyar basira a intanet, irin su Midjourney, sai dai biyan wata-wata ne da dala, kuma kullum sai da sabis mai ƙarfi. Stable Diffusion kuwa tun da kamfanin Stability AI da masu bincike na jami'ar Munich a Jamus suka sake shi a watan Agustan 2022, kowa na iya sauke shi kyauta ya ajiye a na'urarsa. In ka sauke sau ɗaya, ko ka kashe data yana aiki, kuma babu mai ƙirga maka yawan hotunan da ka yi.

Girkawar ba ta yi wuyar da na zata ba, amma tana son bin tsari. Da farko Python, harshen da aka rubuta manhajar da shi, kuma ba kowace ba, 3.10.6 ita ce wadda AUTOMATIC1111, manhajar da ake sarrafa Stable Diffusion da ita, ta fi jituwa da ita. Ƙanena ya tsayar da hannuna a kan linzami ya ce, "Yaya, duba wannan ɗan akwatin na ƙasa, wanda ke cewa a sa Python a PATH, wato inda kwamfuta za ta riƙa samunta. In ba a taɓa shi ba, duk abin da zai biyo baya ba zai tashi ba." Daga nan sai Git, da shi muka jawo manhajar kanta daga GitHub, shafin da ake ajiye manhajoji a intanet. Babban fayil ɗin, wato ƙwaƙwalwar zanen, ƙanena ya riga ya sauke mini shi da datar dare ya zo da shi a filashi: Stable Diffusion 1.5 mai gigabait 4 da 'yan kai, da ƙaninsa SDXL na 2023 mai kusan gigabait 7. Ya kuma gargaɗe ni da in riƙa ɗaukar fayil mai ƙarewa da safetensors kawai, don tsohon nau'in, ckpt, ana iya cusa masa mugun umarni da zai gudana a kwamfuta da zarar an buɗe shi. Muka zuba su a jakar da aka tanada musu, muka danna webui-user.bat, fayil ɗin da ke tada manhajar.

Baƙin allo ya buɗe yana ta zubo rubutu. A wannan buɗewar farko ce yake sauke PyTorch, wata manhajar da aikin ya dogara da ita, abin da ya haura gigabait 2, kuma ita ce ta cinye mini datar yau. Muka tafi sallar azahar muka dawo, sai ga adireshi a ƙasan allon, 127.0.0.1:7860. Ana buɗe shi ne a burauza, amma ba intanet ba ne, kwamfutar ce ke magana da kanta.

Na fara da abu mai sauƙi, da Turanci: tukunyar ƙasa a gindin bishiya. Matakai 20, girman hoto ɗigo 512 da 512, wanda a kansa aka horar da 1.5. Fankar katin ta ɗaga murya, cikin 'yan daƙiƙoƙi ga tukunya, ga inuwa, ga ganye. Na daɗe ina kallonta. Ƙanena ya kunna mini wurin da ke nuna aikin yana gudana, na ga yadda abin yake: manhajar ba ta ɗauko hoton wani ta manna ba, tana farawa ne daga allon da babu komai sai ɗige-ɗige a hargitse, a kowane mataki ta rage hargitsin ta karkata shi wajen abin da ka rubuta. Kamar safiyar hunturu ce in hazo ya fara washewa, ka soma ganin alamar bishiya, sannan rassa, sannan mutumin da ke tsaye a gindinta. Wannan hargitsin farko yana da lamba da ake kira iri. In ka riƙe lambar da bayanin da sauran saitin, hoton nan dai zai sake fitowa, in ka canja ta ka sami wani daban. Wannan ya faranta mini rai ƙwarai, don littafin yara yana buƙatar abu ya tsaya a kamanninsa daga shafi zuwa shafi.

Sai na shiga ainihin abin da ya kawo ni. Na rubuta bayani da Hausa, abin da ya fito bai haɗa hanya da shi ba. Dalili a fili yake: ɓangaren da ke karanta rubutun, CLIP na kamfanin OpenAI, da Turanci aka horar da shi. Na koma Turanci na nemi dattijo Bahaushe da babbar riga da rawani a ƙofar zaure. Ta ba ni mutum da rawanin Indiya. Na canja iri, ta ba ni Balaraben hamada. Na ƙara sunan Najeriya da Kano, sai rigar ta koma atamfa mai launuka, ginin kuma ya zama bukkar ciyawa. Da na matsa a kan ginin ƙasa, sai ta riƙa jawo ni Djenné ta ƙasar Mali, da itatuwan nan da ke fitowa daga jikin bango. Babu zanko, babu indararo, babu dagi a saman ƙofa. SDXL ya fi kyan fuska da hannu nesa ba kusa ba, yatsu shida ɗin da 1.5 ke yawan yi sun ragu, kuma yana cin kusan rabin minti a kowane hoto mai 1024 da 1024. Amma a sanin kayanmu, tazararsu ba ta da yawa.

Ana cikin haka Baba ya leƙo. Shekarunsa na ƙarfi a ɗinkin hannu ya yi su a cikin birni, har idonsa ya gaza da zaren. Na gyara masa kujera, na nuna masa wanda na ga ya fi kusa, wani tsoho da farar riga mai aiki a ƙirji. Ya sa tabarau ya matso. Bai ce komai ba a kan fuskar. Yatsansa ya ɗora a kan aikin rigar.

"Wa ya yi wannan?"

"Na'ura ce, Baba."

"To ba ta taɓa riƙe riga ba. Aiki a hagu yake sauka, kan aljihu. Wannan ya bazu ko'ina, ba mafari ba matsaya. In aska biyu ce a ga biyu, in aska takwas ce a ƙirga takwas. Ina tambarin? Kuma dubi rawanin, ba amawali. Wa zai fita haka?"

Na ce masa yaran aji biyu ba za su lura ba. Ya ce, "Shi ya sa ma. Babba in ya gani ya san ba haka ba ne. Yaro kuwa abin da ka nuna masa shi zai riƙe."

Maganar ta zauna mini, kuma ina ganin gaskiyarsa. Manhajar abin da aka nuna mata ta sani. An horar da ita ne da wani yanki na LAION-5B, tarin hotuna sama da biliyan 5 da wata ƙungiya a Jamus ta tattaro daga intanet, kowanne da ɗan rubutun da aka samu a gefensa. Duk abin da aka ɗauka da yawa aka kuma rubuta sunansa daidai, ta ƙware a kansa. Masallacin Djenné masu yawon buɗe ido sun ɗauke shi ta kowace kusurwa. Masallacin Juma'a na Zariya kuwa, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, da bakan gizonsa da masana gine-gine ke zuwa kallo, hotunansa nawa ne a intanet ɗauke da bayani? Rigunanmu suna cikin hotunan biki da na hawan sallah birjik, amma ba wanda ya rubuta a ƙasa cewa wannan aska takwas ce, wannan hula zanna ce, wannan rawani ɗan Kura ne. Muna cikin hotunan, sunayen kayanmu ne babu.

Aka ɗauke wuta bayan la'asar, aka dawo da ita dab da magariba. A tsakani na ɗauki biro da takarda na zana zaure da hannuna: ƙofa, dakali biyu, zanko a kusurwoyi, indararo guda. Zanen malamin firamare ne, layuka kawai. Da wuta ta dawo na ɗauke shi da waya na sa a sashen da ke karɓar hoto ya mayar da shi wani hoton. Akwai ma'aunin da ke nuna iya 'yancin da ka ba manhajar ta kauce wa naka zanen. Da na kai shi 0.75 ta rushe zankon ta mayar da ginin nata. Da na sauko wajen 0.5 sai ta bar fasalin yadda na tsara, ta zuba masa launin jar ƙasa da hasken yamma da inuwa a kan dakali. Wannan shi ne hoto na farko yau da zan iya sa wa yaro a gaba ba tare da na ji nauyi ba. Baba ya dawo daga masallaci ya duba ya ce, "Wannan kam gida ne." Rubutu a cikin hoto kuwa na bar mata shi, haruffan Turanci ma hargitsa su take, balle ƙ da ɗ da ɓ. Zan sa su da kaina wajen tsara shafi.

Akwai abin da ke damuna, ba zan ɓoye ba. Hotunan da aka horar da ita da su ba a nemi izinin masu su ba, a kan haka ne ma Getty Images ya kai Stability AI kotu a 2023, wasu masu zane su ma suka shigar da tasu ƙarar a Amurka. Na ɗaukar wa kaina abu biyu: ba zan rubuta sunan wani mai zane don a kwaikwayi hannunsa ba, ba kuma zan sa fuskar mutumin da ke raye ba. Bangon littafin ma har yanzu wurin wani ɗalibi na sashen zane a Samaru zan kai shi, in biya shi haƙƙinsa.

Ƙanena ne ya kawo maganar LoRA muna cin tuwo. Dabara ce da masu bincike a Microsoft suka fitar a 2021, daga baya masu zane suka ɗauke ta. Ba sai ka sake horar da babbar ƙwaƙwalwar ba, ɗan ƙaramin fayil kake haɗawa da hotuna kamar ashirin ko talatin na abu guda, kowanne da bayaninsa, sai ta koyi abin. Ya ce gigabait 12 ɗinmu sun isa a yi wa 1.5 wannan a gida, kuma hotunan ba za su bar kwamfutar ba. Nan na ƙara ganin amfanin ajiye abin a ɗakina.

Na tambayi Baba ko zai yarda a buɗe akwatinsa. Akwai riguna a ciki da ya ɗinka tun kafin a haife ni, wasu ban taɓa ganin an warware su ba. Ya yarda, da sharaɗin shi zai faɗi sunan kowane aiki, ni in rubuta, kada in ƙara kada in rage. Mun tsayar da gobe bayan azahar, a tsakar gida inda haske ya fi, za mu shimfiɗa farin zane a kan tabarma mu ɗauki kowace riga gaba da baya da kuma kusa da aljihu. Ƙanena zai kwana sauke manhajar Kohya da ake horarwar da ita, in sha biyun dare ta yi datar dare ta buɗe. Zanko da dagi sai wani satin, don sai na bi masu gidajen na nemi izini kafin in ɗaga waya.