Kifin teku a Birnin Kebbi, me za ka fara saye?

Mu nan mun saba da tarwaɗa da giwan ruwa na Argungu, to kifin teku na ado wata harka ce daban wallahi. Farko akwatin gilashi, kar ka ce ƙarami ya fi sauƙi, ƙaramin ruwa shi ke saurin ɓaci, nemi mai lita 100 ko sama. Gishirin miya kuwa bai yi, akwai nasu na musamman, ana zuba kamar giram 35 a kowace lita, sai ka haɗa da ɗan abin awon gishiri da fanfon da ke juya ruwa da abin tacewa.

Babbar matsalarmu zafi. Kifin nan digiri 24 zuwa 27 yake so, mu kuma watan Afrilu sai mu haura 40, don haka fanka kan ruwan dole ce, in da hali injin sanyaya ruwa, kuma sola ko inbata tun kafin kifi, don in an ɗauke wuta fanfo ya tsaya iska ke ƙare musu. Ruwan da zafi ya shanye a cike gurbinsa da tacaccen ruwa marar gishiri, ai gishirin bai tashi ba. Kuma a bar akwatin ya yi sati 4 zuwa 6 yana aiki kafin a saka kifi ko ɗaya.