Zobo mai zafi na taron hunturu: a tsame kanumfari da wuri

Ƙarshen Disamba, hazo ya rufe gari, ba mai marmarin zobo mai ƙanƙara. Shi ya sa na taron dangi na bana na yi shi da zafinsa, da abarba da lemon zaƙi. Tukunya ta biyu ce ta karɓu. Ta farko kanumfari ne ya lalata ta, lita 6 cur, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Ma'aunin mutum 20: ruwa lita 6, busasshen zobo gwangwanin madara 4, ɗanyar citta kamar yatsa uku a daddaka, kirfa sanda 2, kimba 1, kanumfari 12, abarba 1, lemo 6. Zobon a ɗauraye shi sau biyu da ruwan sanyi, da sauri, don yashi ya fita ba tare da launin ya bi ruwa ba. Kada a dafa a tukunyar dalma. Tsamin zobo yana cin ta, sai a ji ƙarnin ƙarfe a baki.

Ki zuba zobo da citta da wankakken ɓawon abarba, in ya tafasa ki rage wuta, minti 15 ya isa. Nan duk ba wuya.

Matsalar tana wurin ajiya. Zobon sanyi da zarar an tace an gama da shi. Mai zafi kuwa awa biyu ko uku zai yi a kan garwashi yana jiran baƙi, kuma duk abin da aka bari a ciki ci gaba yake da dahuwa. Kanumfarin tukunyar farko a warwatse yake, ga yankakken lemo da ɓawonsa yana yawo a sama don ado. Da azahar ɗanɗanon ba a magana. Kafin la'asar ya koma maganin ciwon haƙori: harshe ya mutu, ɗaci ya tsaya a maƙoshi. Man kanumfari ne ya gama fita, farin da ke cikin ɓawon lemo kuma ya saki ɗacinsa. Na ƙara sukari, na ƙara ruwa, ko gezau. Wannan ɗacin ba ya gyaruwa.

Don haka kanumfari da kirfa da kimba a ƙulle su a farin ƙyalle mai tsabta, a jefa a minti 10 na ƙarshe, a tsame. Ki ɗanɗana kafin ki tsame, ba bayan awa ɗaya ba. In kin ga kamar 12 sun yi kaɗan, wallahi ba su yi ba.

Bayan an tace, sukari gwangwani 2 tukuna, domin abarba za ta kawo nata zaƙin. Rabinta a markaɗa a tace, rabi a yanka ƙanana a ajiye gefe. Ruwan lemo shi ne ƙarshen shiga, bayan an sauke, don in ya tafasa ƙamshinsa gudu yake. Lemon ado kuma a kofi ake sa shi lokacin miƙawa, ba a tukunya ba.

Ni filas na fi yarda da shi fiye da garwashi. Ki ɗauraye shi da tafasasshen ruwa kafin ki juye, kofunan tangaram ma haka, in ba haka ba iskar hunturu za ta huce zobon kafin tire ya zagaya falo.