Na maimaita SS2, kuma da wannan takardar na shiga jami'a

Ranar da aka bamu rifot kad na ƙarshen SS2 ban wuce gida ba, kasuwar Mile 12 na nufa wajen Baba, na same shi yana ciniki da wata mata a kan kwandon tumatir, na tsaya gefe da takardar a naɗe a hannu har zufa ta jiƙa ta. Da ya gama na miƙa masa, shi ba ya karanta boko sosai amma ya ga jan biro a wajen Turanci da lissafi, ya ce "meye wannan?" Na ce Baba an ce in maimaita aji. Ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce "to daga gobe ka daina fitowa saukar kaya."

Wallahi wannan maganar ita ce farkon gyaruwar karatuna. Don gaskiya abin da ya kada ni kenan, tirela tana isowa daga Arewa cikin dare, kafin asuba muna wajen ana sauke tumatir da tattasai da albasa, ina ƙirga kwanduna ina rubutawa, daga nan in watsa ruwa in shiga danfo zuwa makaranta, darasin farko kuwa kusan kullum lissafi ne ko Turanci, ni kuma lokacin idona ba ya buɗuwa. Ba wanda ya tilasta min fa, ni nake son zuwa saboda ɗan kuɗin da nake samu da kuma tausayin Baba.

Satin farko na komawa aji ɗaya da ƙannena shi ne mafi ciwo. Abokaina sun wuce SS3 ana maganar rajistar WAEC, ni ina zaune a benci ɗaya da yaron da bara nake aika ya sayo min fiya wata. A unguwa ma an yi magana, wani kawuna har gida ya zo ya ce wa Baba "Yaya, yaron nan ba na boko ba ne, ka kama masa rumfa kawai." Umma ce ta ce a bar shi ya ƙara shekara ɗaya, in bai yi ba sai a san abin yi. Tun daga nan bayan sallar magariba nake zuwa lesin wajen wani malami a Ketu, littafin tambayoyin baya na WAEC kuwa na bi shi shekara bayan shekara har bangonsa ya cire na ɗaure da salatif.

Abin da ya fi damuna a lokacin shi ne tunanin jami'a za ta ga na yi rifitin ta ƙi ɗaukata. Wannan tsoron ya cinye min dare da yawa, ashe ba shi da tushe. A duk fom ɗin da na cike, na JAMB da na jami'a, babu inda aka tambaye ni shekara nawa na yi a sakandare. Abin da ake dubawa kiredit biyar ne har da Turanci da lissafi, wato daga A1 zuwa C6, D7 da E8 ba kiredit ba ne ko da kuwa ba ka faɗi ba, sai makin JAMB, sai jarrabawar tantancewa in jami'ar tana yi.

A nan ne na ga amfanin shekarar da nake ganin na yi asara. Jami'ar Legas, wato UNILAG da ke Akoka, tana son kiredit biyar ɗin nan a zama ɗaya, ba a haɗa WAEC ɗin bana da NECO ko GCE na baɗi. Abokina da muka taso tare ya wuce SS3 ya bar ni, ya samu D7 a lissafi, dole ya sake zama GCE, ya dawo da takarda biyu, sai dai ya nemi makarantar da ke karɓar zama biyu, kuma shi ma shekara ɗayan ta tafi. Ni da na tsaya a baya na fito da nawa duka a takarda ɗaya. Ban faɗi haka don in nuna na fi shi ba, yaro ne mai ƙoƙari sosai, kawai dai da an ce min tun farko maimaita SS2 ya fi sauƙi a kan gyaran rizal bayan an gama, da ban yi kukan da na yi ba.

Sai maganar JAMB kanta. Tun 2021 ba ka rajista sai da lambar NIN, ka tura ta ta tes zuwa 55019 da layinka a turo maka lambar furofayil, ka sayi fin ɗin rajista, ka je cibiyar CBT, inda ake jarrabawa a kwamfuta, a ɗauki yatsunka. Layin nan ka riƙe shi kamar ranka, kar ka yi da layin mai shagon intanet ko na wani yayanka da zai koma Kano gobe. Ni kuskuren da na yi na suna ne, kuma laifina ne, lokacin rajistar WAEC na rubuta sunan Baba da harafi ɗaya daban da yadda yake a NIN, ban lura ba sai da na zo ɗora sakamako, na sha zirga-zirga da rantsuwar kotu kafin hankalina ya kwanta. Dan Allah duk wanda ke SS3 ya ɗauko takardar haihuwa da NIN ya ajiye su gefe da gefe kafin ya rubuta ko harafi ɗaya.

Jarrabawar JAMB ɗin darasi huɗu ce, maki 400, tambaya 180 cikin awa biyu a kwamfuta. Ni kafin nan ban taɓa riƙe maus da kyau ba, sai da na riƙa biyan kuɗin awa a wani shago ina gwaji. Na zauna Turanci, lissafi, ikonomiks da gwamnati, na haura 200 da tazara mai kyau, na yi jarrabawar tantancewa, daga nan sai jira. Mu 'yan Arewa haifaffun Legas kuma kar a manta da takardar shaidar ƙaramar hukuma ta asali, ni sai da aka aika Katsina aka karɓo min, gara a nema da wuri don ba abin kwana ɗaya ba ne.

Kullum sai na buɗe CAPS, shafin JAMB da ake duba admishan, a waya, safe da dare, har data ta ƙare in roƙi Umma ta ara min tata. Ranar da na ga an ba ni admishan ina rumfar Baba ne, ranar Asabar, na zo taya shi lissafin kuɗin dillalai. Hannuna na rawa na danna karɓa, na juya masa wayar duk da na san ba zai karanta ba. Ya ce "an samu?" Na ce an samu Baba. Ya ce Alhamdulillahi sau uku, ya kira yaron shagonsa ya ce ya cika leda da tumatir mai kyau a kai wa malamin lesin ɗina a Ketu.