Abin da nozul biyu suka koya mini game da fentin bonet

A shekarata ta biyu ina koyon fentin mota, maigidana ya ba ni wani bonet ya ce in shirya shi, kuma wannan ne karon farko da ya sakar mini aiki ba ya tsaye a kaina. Na wanke, na goge da samfefa, na cike tabon da tsakuwa ta yi a gaba. Da na iso kan nozul biyun da ke fesa ruwa a gilashi, sai na raina su, domin ba su fi kan babban yatsa ba, na naɗe su da salatif maimakon in cire su, na wuce. Fenti ya fito kamar madubi. Bayan 'yan watanni motar ta dawo, sheƙin da ke sama, wato fenti marar launi da ake fesawa a ƙarshe, ya fara ɗagowa zagaye da kowane nozul kamar saɓar maciji.

Maigidan bai yi mini faɗa ba. Ya sa farce a gefen wurin, fentin ya ɓare, ya ce, "Yaro, nan salatif ɗinka ya tsaya, nan kuma ruwa ya sami ƙofa." Samfefa ba ta shiga ƙarƙashin nozul, saboda haka sabon fenti ya zauna a kan tsohon da ba a kankare ba, kuma ya ƙare da baki a fili, daidai inda ruwan sabulu ke ɗiga kullum, zafin inji na gasa shi daga ƙasa, rana daga sama. Aikin da na guje wa bai kai minti 10 ba, amma sai da muka sake fesa bonet ɗin gaba ɗaya a aljihunmu, domin sheƙi ba ya karɓar faci a tsakiyar faranti, wato fallen ƙarfen jikin mota.

Cire nozul daga ƙasa ake yi. Mutum zai buɗe bonet, ya zare maɓallan da ke riƙe da shimfiɗar da ke tare zafi, ya ja tiyon roba a hankali, in motar tana da waya mai ɗumama nozul ya fara cire ta. Yawancin nozul kunnuwa biyu na roba ne ke riƙe su; a matse kunnuwan da filaya mai dogon baki, a tura sama. Wasu kuwa noti ne. Wanda ya sa sukudireba ta sama ya ɓanɓara, zai karce fenti ko ya lotsa farantin, wanda kaurinsa bai cika milimita 1 ba. Robar da ta shekara tana shan zafi takan bushe ta karye ko da an lallaɓa ta, shi ya sa yanzu nake gaya wa mai mota tun farko cewa wataƙila a sayi sabbi, kada ya ji daga baya ya ce an yi masa ɓarna.

Wannan kuskure ne ya buɗe mini ido kan yadda ake yanka kuɗin fenti. Masu mota da yawa suna zaton gwangwanin fenti suke biya, alhali mafi yawan kuɗin na aikin hannu ne: kwance kaya, gogewa, ciko, fentin share fage, sake gogewa, sannan launi da sheƙi. Idan launin mai ƙyalƙyali ne, ko an haɗa shi da lambar da kamfani ya liƙa a jikin motar ba lallai ya dace da tsohon da rana ta dafa ba, dole a sirka shi zuwa kan farantan da ke gefe biyu, kuɗi ya ƙaru. Duk wanda ya yi wa mutum araha sosai, to wani mataki ya tsallake, kuma sau da yawa kwance kayan ne.

Akwai kuma masu son a cire nozul ɗin kwata-kwata a toshe ramukan, a mayar da feshin kan hannun waifa, don bonet ya yi sumul. A ganina kwalliyar ba ta kai wahalarta ba. Ciko kaɗai ba ya riƙe rami, zai tsage da jijjiga. Sai an yi walda da ɗan faci, kaɗan-kaɗan ana bari yana hucewa, in ba haka ba zafi ya lanƙwasa farantin. Idan bonet ɗin na alminiyom ne, aikin ya koma na ƙwararre daban. Ramuka biyu da ba su fi kan yatsa ba sai su jawo fentin bonet sukutum, ciki da waje.

Wajen mayarwa ma akwai abin lura. Sabon fenti yakan rage faɗin ramin, kuma yana da laushi a kwanakin farko, saboda haka nakan bari ya bushe sosai, in share bakin ramin kaɗan, in shafa maganin tsatsa, in sa zoben robar da ke ƙarƙashi kafin in danna nozul ɗin. Daga nan in sa wani ya ja maɓalli daga ciki, ni kuma in juya idon nozul da allura har ruwan ya sauka a tsakiyar gilashi.